Mai Amosanin Gaɓɓai da Allurar Maniyyata: A Yi ko A Bari?

Maman Khadija: Salamu alaikum jama'a. Litinin za a fara wa maniyyata allura. Shekarata huɗu ina shan methotrexate duk Juma'a saboda amosanin gaɓɓai. An turo mini saƙo wai mai shan maganin da ke danne garkuwar jiki kada ya yarda a yi masa kowace irin rigakafi. Gaskiya ne?

Baban Abba: Gaskiya ne, Hajiya. Jikin da magani ya riga ya raunana, a ƙara zuba masa cuta? Ki bar su kawai.

Sista: Baban Abba, kada a yi musu kuɗin goro. Allurar sanƙarau ta ACWY da Saudiyya ta wajabta babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, haka ta mura. Hajiya ma ta fi mu buƙatarsu, ka tuna cunkoson tantunan Mina. Abin tsoro ita ce ta cutar shawara (yellow fever), don ƙwayar cikinta da ranta, ƙarfi kawai aka rage mata.

Baban Abba: To ai kin dawo maganata. Kuma in ba katin shawara, ba shiga jirgi. Ta ajiye maganin wata guda a yi mata, shi ke nan.

Sista: Don Allah kada ta ajiye da kanta, ciwon zai taso har ta kasa ɗawafi. Likitanta ne zai yanke wannan. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurar shawara sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Mai shan irin wannan magani da bai taɓa yi ba, likita kan rubuta masa takardar uzuri.

Anti Larai: Sista, faɗa da baki sauƙi gare ta. Lupus gare ni, ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin, ina kan prednisolone, shi ma mai danne garkuwa ne. Da na je nawa layin, na ɗaga kwalin maganin ina bayani, ma'aikacin ko kallona bai yi ba, ya ce "miƙo hannu, Hajiya, mutane na jira." Da kyar na janye. Takardar kuma sai da na yi tafiyar awa biyar kafin na ga likitan gaɓɓai, domin ba mu da shi a garinmu.

Sista: Wannan kam gaskiyarki ce, Anti. Tambaya ɗaya kafin allura ba ta cin minti guda.

Maman Khadija: Na tono tsohon katina a ƙasan akwati, an yi mini ta shawara a 2014, kafin ciwon. Sista, zan turo miki hotonsa ki duba mini hatimin.