Masu koyar da netwok a tsarin Cisco da Huawei, yaya abin yake a ajujuwanku?

Malamin Kwaleji:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata ta uku ke nan ina koyar da haɗa kwamfutoci a ƙarƙashin Cisco Networking Academy, shirin da kamfanin ya fara tun 1997. Darussan a tsare suke, kashi uku na CCNA, wato takardar shaidar ƙwarewa a netwok ta Cisco, ga manhajar Packet Tracer kyauta, inda yaro zai jera rawuta da suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci, a fuskar kwamfuta ya haɗa su kamar da gaske. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗalibin da ya fi kowa maki a ajina. Ran da na miƙa masa suwic na gaske da kebul ɗin kwansol da ke haɗa shi da kwamfuta don a saita shi, sai ya tsaya yana jujjuya shi, bai san ramin da zai soka ba. Yaro ne mai ƙwazo, laifin ba nasa ba ne. Ku yaya kuke yi?

Malama daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma na sha wannan. Yanzu mako biyun farko ba na bari a buɗe Packet Tracer sam. Kebul nake sayowa da kuɗina, da kawunan RJ45 da ake sa wa a bakin kebul, da filayar matsewa guda biyu. Kowace ɗaliba sai ta haddace jerin launukan wayoyi takwas na cikin kebul a tsarin T568B: fari da lemu, lemu, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ta matse, mu sa a na'urar gwaji. In fitilu takwas ba su bi layi ba, ta yanke ta sake. Wata sai da ta yi sau biyar, amma da fitilun suka jeru har tsalle ta yi. Kuma nakan fita da su fili mu auna mita 100 da ƙafa, su ga iyakar da kebul ɗin ke iya kaiwa. Duk wadda ta taka wannan tazarar ba ta mantawa.

Tsohon Ɗalibi:
Malamai, ku yi mini izini in sa baki. A makarantarmu kayan suna nan, rawuta uku da suwic uku, amma a kulle a sito, wai kada mu lalata. Sau biyu kacal muka taɓa su, ɗaya ma wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Har yau abin yana mini ciwo.

Wanda ya cece ni malamin da ya koya mana raba adireshin IP ne, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok. Cewa ya yi mu ɗauki rukunin adireshi na /24 a matsayin unguwa mai fuloti 256, biyu ba a gini a kansu, saura 254. A raba ta layi huɗu, kowane layi /26 ne, fuloti 64, a cire biyu saura gida 62. Daga ranar na daina tsoron lissafin. Jarrabawar CCNA mai lamba 200-301 kuwa dala 300 ce, kuma shekara uku takardar ke aiki. Sai da na yi wata tara ina tara kuɗi kafin na zauna.

Mai Saka Netwok a Kano:
Ni ɗaukar yaran nake yi aiki. Otal-otal da makarantun da muke sa wa intanet, yawanci na'urorin kamfanin MikroTik suke saye saboda sauƙin kuɗi. Yaron da ya gane mene ne VLAN (raba netwok ɗaya gida-gida) da DHCP (ba na'urori adireshi kai tsaye) da NAT (fassara adireshin cikin gida zuwa na intanet), kwana uku ya ishe shi ya saba da kowace na'ura. Wanda kuwa umarni kawai ya haddace, ko gaban na'urar Huawei ka kai shi sai ya rikice, don inda Cisco ke cewa show, ita display take cewa. Malam, a riƙa ɓata musu netwok da gangan, a ce su nemo matsalar. Rabin aikinmu ke nan.

Malamin Kwaleji:
Allah ya saka da alheri. Malama, kebul na wane tsawo kike ba kowace ɗaliba? Ina da yara 40, ina so in yi lissafi kafin Litinin.