Shafen da ake yi wa ƙarfen kwatangwalo: mene ne asalinsa?

Ɗan Tudun Wada, Gombe:

Assalamu alaikum. Ƙanwata tana fama da sikila, kuma likita ya tabbatar mana cewa kan ƙashin kwatangwalonta ya mutu saboda jini ya daina isa wurin, don haka sai an saka mata na ƙarfe. Ya ce akwai wanda ake kafawa da siminti, akwai kuma wanda aka shafa masa wani farin sinadari da ƙashi yake kamawa da kansa, kuma wannan na biyun ya fi so saboda ƙuruciyarta. Mahaifiyarmu ta ji an ce daga ƙashin matattu ake haɗa shafen, hankalinta ya tashi ƙwarai. Masana, mene ne gaskiyar lamarin, kuma ba ya ɓarewa a cikin jiki?

Injiniya daga Yelwa, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Malam, ka kwantar wa Hajiya da hankali, domin shafen da aka saba yi wa irin wannan ƙarfe a masana'anta ake haɗa shi daga kalsiyam da fosfet. Sunansa haidiroksi'afatait, kuma irinsa ne ma'adinin da ya ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashin ɗan Adam, ina jin daga nan jita-jitar ta samo tushe.

Ƙarfen kansa yawanci titaniyam ne da aka gauraya da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4 cikin ɗari. Yana da ƙarfi, jiki kuma ba ya ƙyamarsa, amma idan ya ɗan motsa a cikin ƙashi a makonnin farko, wata tantani mai laushi ce take shiga tsakaninsu, daga nan sai ya fara girgiɗi. Shi ya sa ake narkar da garin sinadarin a cikin harshen wuta mai tsananin zafi, a fesa shi a jikin ƙarfen har kaurinsa ya kai maikiromita 50 zuwa 200, wato bai wuce gashin kai ɗaya ko biyu ba. Bayan tiyata, saman shafen yana ɗan narkewa ya saki kalsiyam da fosfet, ƙwayoyin da ke gina ƙashi su hau kansa su kafa sabo. Tun 1985 aka fara saka wa mutane irin wannan kwatangwalo a Ingila.

Batun ɓarewa kuwa, yana iya faruwa idan shafen ya yi kauri da yawa ko ba a fesa shi da kyau ba, tun da ƙarfe da shafen, wanda nau'in tangaran ne, ba daidai suke buɗewa da tsukewa ba idan sun yi zafi sun huce.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in ja hankalinka, ɗan'uwa, kada iyali su ɗora dukkan fatansu a kan shafen. Ga mai sikila, abin da ya fi damunmu shi ne ƙwayoyin cuta su shiga wurin aikin, ko ciwon ya tashi bayan tiyata, kuma wannan shafe ba ya kashe ƙwayar cuta. Ku tambayi likitan yadda za a shirya jininta, da ƙarin ruwa da iskar oksijin, da kuma lokacin da za ta fara taka ƙafar.

Injiniya daga Yelwa:

Gaskiya ne, Malama. Bayanan da aka tattara a ƙasashen arewacin Turai ma sun nuna cewa, bayan shekaru, wanda aka shafa bai fi wanda aka yi wa kaushi kawai daɗewa a jiki ba. Amfaninsa ya fi bayyana a saurin kamawar farko.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan karanta wa Hajiya wannan da daddare, sannan mu rubuta tambayoyin Malama kafin ranar komawa asibiti.