Silif ɗin nozul a top ɗin manyan motoci: kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa

Mai gareji, baifas ɗin Gombe

Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Tun da zafin bana ya kama, motocin da ake kawo mini da matsalar ruwa sun yi yawa, kuma kusan kowane direba magana ɗaya yake shigowa da ita: "Oga, gasket ya ƙone." A kwance top, wato kan inji, a sa sabon gasket, mota ta je Numan ta dawo, lagireto na nan yana amai. Da yawa a cikinsu gasket lafiyarsa ƙalau, silif ɗin nozul ne ya buɗe.

Ga yaranmu da ba su taɓa ganinsa a waje ba: ɗan bututu ne na jan ƙarfe, a wasu injinan na farin ƙarfe mara tsatsa, an dasa shi a cikin top, nozul kuma, mai fesa man gas cikin silinda, a cikinsa yake zama. Ta bayansa ruwan lagireto ke zagayawa yana kwashe zafin bakin nozul, ta ƙasansa wutar silinda ce. Kaurinsa bai taka kara ya karya ba, amma shi ne ya raba ruwa da wuta, a wasu injinan har da man gas. Abin yana cin kuɗin mutane a banza, shi ya sa nake roƙon kowa ya faɗi nasa: wane inji ne, wace alama ya fara gani, kuma yaya aka gano.

Direban tifa, Dadin Kowa

Wa alaikumus salam Oga. Tawa Howo ce mai injin WD615, yashi nake ɗauka zuwa cikin gari. Abin ya fara ne da farin hayaƙi da asuba. In na tayar, injin zai riƙa ɗingishi, sai ya ɗan yi ɗumi ya daidaita, hayaƙin ya ɗauke. Ba ya yajin ido irin na gas, tururi ne, nan da nan iska ta watsa shi. Ruwa kuma kullum sai na ƙara, alhali in na leƙa ƙarƙashin mota ƙasa a bushe take.

Wata safiya na murɗa makulli, sitata ta juya rabi ta tsaya cak. Yaron mota ya ce batir ne, a kira wata tifa ta ja mu. Wani dattijon direba da muke lodi tare, Allah ya saka masa da alheri, ya ce kul, kada wanda ya ja motar nan. Ya sa aka zare nozul duka shida, aka juya injin da hannu. Daga ramin lamba huɗu ruwa ya feso har rigar yaron. Da aka sauke top ɗin aka haska, tsagar tana can ƙasan silif, siririya kamar gashi, sai ka karkata shi a rana za ka gan ta.

Bakanike, Bauchi

Ɗan'uwa, dattijon nan ya cece ka daga sayen rabin inji. Ruwa ba ya matsuwa. In ya cika saman fistin aka ja mota da giya, ƙarfin nan dole ya samu inda zai sauka, kuma kwanrod, sandar da ke riƙe fistin, shi ne ke lanƙwashewa, wani lokacin ya fasa bulok. Na sha ganin haka.

Wannan injin naka mu a Bauchi ba baƙo ba ne a wurinmu. Asalin ƙirarsa ta Steyr ce ta ƙasar Ostiriya, wadda Sin ta sayi fasaharta a shekarun 1980, kuma an kafa kamfanin Steyr nan garinmu a shekarun 1970, inda a da ake harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Maigidana da ya koya mini aiki a kan irin ƙirar nan ya yi wayo. Daɗinsa kowace silinda da top ɗinta, ka cire ɗaya ka bar biyar.

Abin da nake so matasa su riƙe: a wannan injin man gas ta bututan ƙarfe yake zuwa daga famfo ta waje, ba ya bi ta cikin top. Saboda haka in silif ya tsage ba gas za ka gani a lagireto ba. Ko dai iskar silinda ta hura cikin ruwa, tiyo ya yi tauri tun injin bai yi zafi ba, ko kuma ruwa ya riƙa ɗiga kan fistin cikin dare. Gwajin da nake yi ba shi da tsada. Na zare nozul duka, na cika ruwa, na ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto na ba shi matsi daidai da abin da aka rubuta a kan murfin, ban wucewa. Sai na bi ramukan da tocila ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya lalace za ka ga raɓa tana taruwa a gindinsa. Kafin nan ma ina cire layin kwamfireson birki, don shi ma in kansa ya lalace yana tura iska cikin ruwa, kumfar iri ɗaya ce.

Mai kula da janareta, wajen fasa dutse

Ni namu ya bambanta. Caterpillar C15 ne. Ruwa ba raguwa yake ba, ƙaruwa yake, har yana tumbatsa ta tiyon rara. Na buɗe murfi na tsoma yatsa, santsi, na shinshina, gas zalla. Wanda aka fara kirowa ya ce oyil kula ce, aka canza, ba abin da ya sauya. Ai baƙin mai in ya shiga ruwa kauri yake yi, launinsa ya koma ruwan ƙasa. Wannan tsinkakke ne, yana yawo a sama.

Daga baya wani ya zo ya yi mana bayani. A C15 da 3406E hanyar mai a cikin top ɗin kansa take, tana ratsa injekta, wato nozul, duka shida. Lokacin da injin ke aiki matsin mai ya ninka na ruwa, sai gas ya kutsa cikin ruwa. Da an kashe, matsin mai ya faɗi, na ruwan zafi yana nan, sai ruwa ya juyo cikin mai. Da muka kwance filtar mai, ga ruwa nan kwance a gindinta.

Wahalar ba a canza silif ta tsaya ba. Gas yana cin roba. Tiyoyin lagireto duk sun kumbura sun yi laushi, robar murfi ta saki. Sai da muka canza su gaba ɗaya, muka wanke hanyar ruwa da sabulun da ba ya kumfa, a tayar ya yi zafi, a zubar, a maimaita, har ruwan ya daina sheƙi. Wanda ya tsallake wannan wankin, ko bayan wata nawa ne sai robobin sun nuna masa.

Direban tanka, hanyar Gombe zuwa Yola

Allah ya ƙara basira. Tawa Mack ce mai injin MP8, ɗan'uwan Volvo D13. Ni ko ɗigon ruwa ban rasa ba. Matsalata tayarwa da safe. Sai na yi ta danna famfon hannu kafin ta amsa, in ta tashi kuma ta wuni lafiya, sai dai a hawan Kaltungo nakan ji ƙarfinta ya ragu. An canza filta, an canza famfon hannu, an bi layukan mai. Wani yaro mai natsuwa a Billiri ya sa tiyo mai garau a layin da mai ke komawa tanki, ya ce in taka totur. Kumfa ce ke bin tiyon ba yankewa, kuma tana ƙaruwa da totur. Ya ce Yaya, wannan ba iskar waje ba ce, iskar silinda ce ke tsallake mazaunin injekta tana shiga hanyar mai. Da aka zare, jikin injekta biyu ya yi baƙin gawayi tun daga baki har sama.

Alhaji mai motocin siminti, Bajoga

Na karanta duka. Ni dai gaskiya na daina yarda a canza mini silif. Motocina daga Ashaka suke lodi, in ɗaya ta kwana a hanya da kaya asarar ta fi kuɗin top. An taɓa canza mini a wani wuri, ba a yi nisa ba ta dawo da ciwonta. Tun daga nan top ɗin Beljiyam nake aikawa a sayo daga Kano ko Legas, a ɗora, a huta.

Mai tana (mai gyaran top a kan benci), Bauchi

Ranka ya daɗe Alhaji, da girmamawa, top ɗin Beljiyam shi ma da tsohon silif ɗinsa yake zuwa, kuma ba wanda ya san zafin da ya sha kafin ya hau jirgi. In za ka saya, a gwada maka shi da matsi a cikin ruwan zafi kafin a ɗora. Wanda aka yi maka ya dawo kuwa, ina kyautata zaton ba silif ɗin ne da laifi ba, hannun da ya sa shi ne.

Aikin nan tsafta yake so. In ka cire tsohon, mazauninsa a cikin top yana cike da tsatsa da farar ƙasar ruwa. Sai ka goge shi da buroshin waya har ƙarfe ya fito fes, ka shafa da yatsa. In ka ji rami-rami, tsatsa ta riga ta ci top ɗin, sabon silif ba zai zauna ba, a nan ne maganar Alhaji take da ƙarfi. In mazauni lafiya, sabuwar roba a sama, a shigar da shi a miƙe da abin bugunsa, sannan na jan ƙarfe a buɗa bakinsa na ƙasa da ƙarfen da aka yi don haka, ya kama top ta ko'ina. Wasu da guntun rodi da guduma suke yi, gefe ɗaya ya kama, gefe ɗaya ya bar ƙofa. Na Caterpillar C15 kuma ba a buɗa shi, gam ɗinsa na musamman ake shafawa, a bar shi ya kama kafin a zuba ruwa.

Sai awon yadda bakin nozul ya leƙo ta ƙasan top. Kowane inji da nasa a littafinsa. Wosha ɗaya tak, sabuwa. Na sha cire biyu a rami ɗaya, tsohuwa ta maƙale an ɗora sabuwa a kai, nozul ya ja da baya, feshinsa ya daina sauka inda ya kamata, ga hayaƙi ga shan mai. Ƙusar da ke danne injekta kuma da sifanan awo ake ɗaure ta. In ta yi sako-sako wuta ta bi gefe, in ta wuce kima ta murƙushe jan ƙarfen.

Tsohon direba, Alkaleri

'Ya'yana, duk kun yi maganar gyara, ba wanda ya taɓo ruwan da muke zubawa. Ruwan bohol, ruwan rafi, duk wanda aka samu a bakin hanya. Dubi cikin butar da ake dafa shayi da ruwan bohol, abin da ke taruwa a bayan silif ke nan, zafi ya kasa fita. A watan Maris da Afrilu nan yankin zafi na kai digiri 40, mota da cikakken lodi. Sannan in allura ta hau, a tsaya a kwara ruwan sanyi a kan injin da ke tafasa. Jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ba tare suke miƙewa ba, ba tare suke komawa ba. A sayi kulant, a daina cire tamostat, in ta yi zafi a bar ta tana aiki a hankali ta huce kafin a ƙara ruwa kaɗan-kaɗan.

Ɗan koyo, Tumfure

Baba na gode. Tambayata biyu ce. Garin nan na toshe yoyo da ake zubawa a lagireto yana yi? Kuma dole sai an sauke top?

Mai gareji, baifas ɗin Gombe

Ƙanena, garin nan an yi shi ne don ƙaramin yoyo mai fita waje. Ba zai iya tsayawa gaban matsin silinda ba, sai dai ya je ya toshe maka ƙananan hanyoyin lagireto. Ka bar shi.

Sauke top kuwa ya danganta. C15 da D13 ana canza musu a kan mota in akwai kayan aikin. Ka zubar da ruwa tukuna, ka tsotse man da ke cikin top, ka toshe ramin ƙasa, ka cika haƙoran tap, wato ƙarfen yanka zare, da giris don ɓarɓashi ya maƙale a jiki kada ya faɗa kan fistin, sannan ka yanka zare a cikin silif ka jawo shi. WD615 ni sauke top ɗin nake yi, tunda guda ɗaya ne, na kai wa mai tana ya yi a kan benci. Kuma in inji mai top ɗaya ne kuma ya tsufa, ka shawarci mai mota a canza shidan gaba ɗaya, don ruwa ɗaya suka sha. Kafin ka yi kik na farko, ka juya injin da hannu zagaye biyu ka tabbata ba abin da ya tokare.