Me za mu kira zanen da ke cikin bututun bindiga?

Jama'a, salamu alaikum. Kalma nake nema, kuma na san a cikinku akwai 'ya'yan maƙera da jikokin mafarauta.

Ranar Juma'a, muna dawowa daga kasuwar Wudil, ƙanena ya nuna mana bidiyon masu gasar harbin takarda a Amurka, waɗanda ke haɗa bindigarsu da kansu: bututu daga wannan kamfani, ƙota daga wancan, madubin saiti daga wani. Harsashi 5 ake saki daga nisan yadi 100, wanda ramukansa suka fi haɗuwa wuri guda shi ya ci. Kawu, da ya tsufa yana fita daji da adaka, ya ce haɗi ne kawai na masu waya, harsashi ba ya jin magana haka. Na tashi zan yi masa bayani, sai na maƙale a kan abin da Turawa ke kira rifling.

Cikin bututun adaka sumul yake. Na waɗancan bindigogi kuwa an tsaga shi dogaye-dogaye tun daga gindi har baki, tsagar tana tafiya tana murɗewa. Harsashi ya ɗan fi hanyar kauri, saboda haka in ya taso sai tudun da ke tsakanin tsagogin ya cije shi, ya fito yana juyawa. Na ce, "Kawu, ka tuna katantanwa? Muddin tana juyi tana tsaye, juyin na ƙarewa ta kwanta." Nan ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, ɗana, mene ne sunan abin?" Na yi shiru. Ku taimake ni.

Amsoshi sun fara shigowa. Wani malamin firamare daga Gumel: Malam, me zai hana a ce murɗiya? Abu ne mai murɗewa, kalmar kuma tamu ce.

Malam, na so ta da farko. Amma duk wanda ya ga zaɓe ko guda ɗaya a ƙasar nan, in ya ji an ce bindiga mai murɗiya, akwatin ƙuri'a zai fara faɗo masa a rai. 'Yan siyasa sun riga mu kalmar.

Wani bakanike daga Gaya: Yallaɓai, ai wannan tiredi ne, irin na noti.

Ya kusa, amma akwai bambanci. Na noti a matse yake, an yi shi don ya riƙe. Wannan a miƙe yake ƙwarai. A ƙananan bindigogin gasar Olamfik da ake harbi da su daga mita 50, sai harsashi ya yi tafiyar kamar inci 16 kafin ya juya sau ɗaya. Ka ce tiredi, mutum zai zaci ɗaura harsashin ake yi da sifana.

Wani dattijo manomi daga wajen Ringim, jikansa ne ya rubuta masa: Yaro, kun bar jaki kuna dukan taiki. Tudu a jere, rami a jere, tudu a jere, ba kunya da kwari ke nan ba? Wanda ya yi su kuma huɗa ya yi.

Baba, Allah ya ƙara girma. Tun da na karanta wannan nake jujjuya shi ban ga inda ya gaza ba. Masu sana'ar a can suna da suna daban na tudun, da suna daban na ramin, har faɗin bututu ma iri biyu suke aunawa, daga tudu zuwa tudu da kuma daga rami zuwa rami. Kalma ɗaya ba za ta ɗauki wannan ba, amma gona ta ba mu uku a tashi ɗaya: kunya, kwari, huɗa. Ga shi kunyar ce ke barin shaida a jikin harsashi, wadda masu binciken laifi ke dubawa su gane bututun da ya fito, kamar yadda manomi ke gane huɗar garmar shanu da ta hannu.

Malamin Gumel ya dawo da ƙorafi biyu. Na ɗaya, huɗar gona a miƙe take tafiya, wannan tana zagaye. Na biyu, masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, huɗa za ta koma huda.

Na biyun bai dame ni ba, don bututun ana huda shi tukuna, daga baya a yi masa huɗa. Na ɗayan ne ya buɗe mana wata ƙofa, domin yawan murɗewar shi ne abin da masu haɗa bindigar gasa suka fi jayayya a kai. Dogon harsashi yana son juyi mai yawa. In bai samu ba sai ya yi ta tuntsura a iska, ya isa takarda a gicciye, ya bar rami mai kama da ƙofar makulli. Tun 1879 wani malamin lissafi na Ingila, Alfred George Greenhill, ya fitar da ƙa'idar lissafa wannan. Bututun da ke ba da juyi ɗaya a inci 10, in harsashi ya fita da gudun mita 800 a daƙiƙa, zai juya fiye da sau 3,000 a daƙiƙar nan guda. A nan igiya na ara: tufka. Mai tufka igiyar rama ya san matsattsiya, ya san sako-sako. Sai mu ce tufkar bututun nan ɗaya ce a inci 10.

Ga wanda ya tambaya ko maƙeran garinmu za su iya: maganar suna muke yi. Ƙera bindiga ba lasisi laifi ne a Dokar Makamai ta 1959, kada wani ya ce a nan ya ji.

Na tsaya a kan huɗar bututu, da kunya, da kwari, da tufka. Jiya bayan la'asar na kai wa Kawu su a gindin dalbejiya. Ya ɗauko adakarsa, wadda ba ɗuri a cikinta, ya ɗaga bututun wajen rana, ya daɗe yana leƙawa. Ya ce, "Wato shekara 40 da marar kunya nake yawo a daji?"