Jaket ɗin fatar ɗan rago ya fara bushewa

Tambaya: Jama'a, hunturu ya busar min da jaket ɗin fata, gwiwar hannu har ta fara tsagewa. Man kaɗanya zai yi?

Baban Ummi: A'a ɗan'uwa, fatar ɗan rago siririya ce, tana shan mai da sauri. Kaɗanya da basilin suna sa ta duhu da danƙo. Nemi man kayan fata mai lanolin, wato maiƙon da ake samu daga gashin tumaki. Gwada a cikin ƙasan riga, jira awa 24. In launi bai canja ba, ɗebi kamar ƙwayar gyaɗa a tsumman auduga, murza a hankali, bar shi ya kwana, sannan ka goge. Sau 2 a shekara ya isa.

Majemi: Wurin da ya tsage, mai ba ya haɗa shi, sai mai gyara. In ruwa ya taɓa jaket ɗin, shanya a inuwa. Kada a adana a leda, fumfuna yake yi.