Wai injiniya ne amma waƙafi ya kayar da shi

Ɗan Kwari: Jama'a ku zo ku ji. Na ba wani yaro wai injiniya aikin zuba min fayil ɗin CSV na kwastomomi (irin wanda ake raba bayanan kowane layi da waƙafi) a tebur na kwamfuta, suna, lamba, adireshi, bashi. Yau na buɗe sai ga adireshi ɗaya, Layin Masallaci, Kurna, Kano, ya tsage gida uku, Kurna ta shige gidan bashi, bashin 12,500 kuma 12 na nan 500 na can. Yaran yanzu ba su iya komai ba wallahi sai cika baki.

Ta Gwale: Alhaji yanka kowane layi ya yi a duk inda ya ga waƙafi, shi ke nan. Ƙa'idar tana cikin RFC 4180, takardar da ta bayyana tsarin CSV, tun 2005, duk gidan da ke da waƙafi a ciki sai a rufe shi da alamar zance "haka", in ita alamar ce a ciki a rubuta ta sau biyu. Da csv na Python ya ɗauko, wato manhajar karanta irin wannan fayil da ke cikin yaren rubuta manhaja na Python, da ya wuce wurin. Amma fa duba fayil ɗin tukuna, in tun asali ba a sa alamar ba to ba laifinsa ba ne shi kaɗai.

Mai Digiri: Tsaya Alhaji, wa ya ce maka injiniya ne? Yana da rajistar COREN, hukumar injiniyoyi ta ƙasa? Kowa ya riƙe laftof a garin nan ya zama injiniya.

Ɗan Farm Centre: To fa, an fara. Mu da muke kwance waya muna haɗawa me za ka kira mu? Ranar da sikirin ɗinka ya fashe ai injiniya ka ce min.

Mai Digiri: Ladabi na yi maka ƙanena.

Ɗan Farm Centre: Ladabin naka ka tafi da shi, masu kwali nawa ne suke zuwa koyon aiki a teburina

Ta Gwale: Ku duba ma ko fayil ɗin daga waje ya zo, a Jamus da Faransa Excel waƙafi mai ɗigo (;) yake sawa tsakanin gidaje, don su da waƙafi suke rubuta desimal.

Na Hotoro: Hajiya bar su, ni tambayata me ya kai Python cikin lissafin shago? Excel bai isa ba?

Mai Digiri: Wanda bai yi karatun ba dole ya faɗi haka.

Na Hotoro: Ni da nake da difloma? Malam ka iya bakinka.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda injiniya sai mai takarda, 'yan Farm Centre su yi haƙuri, mu da muka sha wahalar aji ba za a haɗa mu da kowa ba. Zancen waƙafi kuma Alhaji ya tuntuɓi Hajiya ta gefe. Na rufe, wanda ya ƙara zan cire shi.