Tarin da maganin hawan jini ke jawowa: abin da muka tsinta a zamanmu

Ranar Asabar mun zauna a Jos da wata likita, yawancinmu masu hawan jini. Wata baiwar Allah ta ce wata uku ke nan tana fama da busasshen tari, ta sha zuma da lemun tsami har ta gaji. Likita ta tambaye ta wane magani take sha. Ta ce lisinopril, wani maganin hawan jini.

Ga bayanin da likita ta yi mana. Akwai sinadarin kalikirin, wani a cikin jini, wanda hanta ke samar da tushensa, wani kuma a ƙoda da yawu. Aikinsa shi ne sakin wani sinadari mai suna biradikinin, wanda ke sassauta jijiyoyin jini su buɗe, hawan jini ya sauka. Magunguna irin su lisinopril da captopril suna hana jiki rushe biradikinin ɗin, sai ya taru ya riƙa sosa maƙogwaro.

Shawarar farko: kada mutum ya daina shan magani da kansa. A koma wurin likita, akwai irin su losartan da amlodipine da za a iya canza masa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kumburi. Idan biradikinin ya yi yawa, ruwa kan tsiyaye daga jijiyoyi, leɓe ko harshe ya kumbura, kuma hakan ya fi samun baƙar fata. Likita ta ce ranar da aka ga haka kada a sake haɗiyar ƙwayar, kada a tsaya neman maganin ƙaiƙayi, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, domin numfashi na iya toshewa.